Daga Spear zuwa Naruto: abin da na tsinta a Kasuwar Katako

Ku yi haƙuri, rubutun yau da ɗan tsawo.

Ranar Asabar na shiga Kasuwar Katako neman rigar sanyi wajen 'yan gwanjo, don duk wanda ya yi hunturu a Naraguta ya san sanyin Jos ba wasa ba ne. Ina jiran canji sai na ciro waya na ci gaba da karanta Naruto. Dattijon mai rumfar ya leƙo ya ce, "Ɗana, wannan ai irin Spear ɗinmu ne." Na ce, "Baba, wane ne Spear?" Ya ce, "Kai, yaran zamani!" Wallahi kunya ce ta sa na je na tono labarin.

Tsakanin 1968 da 1972 kamfanin Drum yana fitar da wata mujalla mai suna African Film. Ba zane ba ne, hotunan mutane ne na gaske ake jerawa, a sa maganar kowa cikin 'yar da'ira a saman kansa. Jarumin shi ne Lance Spearman, ɗan leƙen asiri baƙar fata mai kwat da malafa, babban abokin gabarsa kuma Rabon Zollo. A kudancin Afirka ake ɗaukar hotunan, amma samari daga Nairobi har Legas da Kano suna rububinta. Baba ya ce kwafi ɗaya sai ya zaga unguwa har ya yage.

A 1976 sai ga Ikebe Super ta Wale Adenuga, inda aka fara sanin Papa Ajasco da Boy Alinco tun kafin su hau talabijin. Ku lura da wannan fa: Adenuga yana ɗalibi a Jami'ar Legas ya goge da zane, a mujallar ɗalibai. Irinmu ne. Namu zamanin kuma Supa Strikas ne, wadda ta taso daga Afirka ta Kudu, sai na Japan. Shi kansa Naruto a 1999 ya fara fitowa cikin Shonen Jump, mujallar da aka kafa a 1968, mai tattara labarai da yawa na mazana daban-daban duk mako. Masu karatu ke zaɓen wanda ya fi burge su, wanda ya yi ta zuwa ƙarshe a sallame shi.

To me ya sa abin ke kama mutum haka? Na farko, hoto ba ya tambayarka takardar shaida. Baba bai gama firamare ba, amma ya bi Spear tsaf, da haka ma ya tsinci Turancinsa. Na biyu, mujalla mai labarai da yawa kamar kasuwa ce, in wannan bai yi maka ba na gaba zai yi, sabon mai zane kuma ya raɓu da gwani har a san shi. Na uku, sun iya yanke labari daidai inda ya yi daɗi, dabarar da kakanninmu suka daɗe da sani a tatsuniya.

Ga inda abin ya dame ni. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939. Muna da Magana Jari Ce, da littattafan Kasuwar Kano, da Kannywood. Muna da mazana irin su Mustapha Bulama na Daily Trust, ga makarantar koyon fim ta ƙasa a nan Jos. Amma tsakani da Allah, mujallar labarin zane nawa za ka iya lissafawa da Hausa? Ƙannenmu sun haddace dangin Uchiha, ba su taɓa ganin fuskar Gizo da Ƙoƙi a shafi ba, balle Sarauniya Amina ko leburorin kuza da guminsu ya gina garin nan.

Na tambayi Baba ina nasa kwafin. Ya ce wasu gara ta ci, sauran an naɗe ƙosai da su.

Don haka roƙona biyu ne. In kun je hutu, ku buɗe tsohuwar adakar gida, abin da kuka samu ku ɗauke shi a waya kafin ya bi sahu. Sannan kai mai zane a bayan littafin lacca, da ke mai rubuta labari a WhatsApp, ku nemi juna. Shafi 8, labarai 3, da Hausa, kuɗin fotokwafi mu yi karo-karo. Ni na ɗauki na kwafi 20 na farko, kuma guda ɗaya na Baban Katako ne.