Ƙofar Mata: Tsakanin Kayan Gado da Bunƙasar Birni

Masu nazarin tarihin Kano sukan ɗauki bunƙasar gari a matsayin abokiyar gabar kayan tarihi. Amma in aka dubi Ƙofar Mata da idon basira, sai a ga al'amarin ya fi haka zurfi, domin ita kanta ƙofar bunƙasar gari ce ta haife ta.

Bisa ga littafin tarihin sarakunan Kano, Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ginin ganuwa. Da jama'a suka yawaita, sai Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, kuma cikin wannan aiki ne aka ambaci Ƙofar Mata. Shi ne har wa yau ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa. Watau a wancan zamani ganuwa ba ta tauye gari ba. In gari ya girma, sai ita ma ta girma.

Dab da ƙofar akwai marinar da ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. A cikin rijiyoyinta marina ke haɗa baba da toka da ruwa, su bar su su ruɓa kwanaki, sannan su yi ta tsoma tufa suna ɗagawa har iska ta fito da shuɗin, daga nan a kai wa masu bugu. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar rinannun tufafinta suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Daga baya ganuwa da marina duk sun gamu da jarrabawa, amma makomarsu ta bambanta. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, yadin kanti kuma ya cika kasuwa, har rijiyoyi da dama suka bushe. Duk da haka marinar ba ta mutu ba, domin akwai masu cin abinci a cikinta, suna gadar wa 'ya'yansu sana'ar. Ita kuwa ganuwa, tun da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903 aikinta na tsaro ya ƙare, aikin gayyar da ake yi mata na yaɓe ya ja baya. Ruwan sama ya zaizaye ta, maɗiba ƙasa suka yashe ta, magina suka hau kanta.

Ba a rasa doka ba. An kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa a 1979, an kuma sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da ke jiran amincewar UNESCO a 2007. Amma a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya, aka sake gina wata a gurbinta. A Ƙofar Mata kuwa, matsin kasuwancin Kantin Kwari ya kai ga gina shaguna a Filin Idi. Gwamnatin jiha ta rushe su a watan Yuni na 2023, kotun tarayya kuma ta yanke mata diyyar naira biliyan 30 a watan Satumba, kafin a yi sulhu. An yi asara wajen gini, an kuma yi wajen rushewa.

Abin lura a nan shi ne, takarda kaɗai ba ta tsare gado. Abin da jama'a ke amfana da shi, shi suke karewa. Buƙatar ɗan kasuwa ga rumfa da ta mai mota ga hanya gaskiya ce, amma ana iya samar musu wuri a wajen birni, alhali kuwa ganuwar da ta faɗi, ko an sake ta da siminti, ba ita ba ce. Saboda haka hanyar daidaito ita ce a shata iyakar abin da ya rage tun kafin a raba filaye, a sama wa marina kasuwa, a kuma mai da ganuwa wurin karatu da ziyara wanda mutanen unguwa za su ci moriyarsa. Rumfa ya faɗaɗa Kano, ya kuma bar mata abin tunawa. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna kowane mai tsara birni da shi.