Fassarar Mafarki a Zauren Malaman Katsina

Tun ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Korau da masallacin Gobarau, Katsina ta zama zangon malamai. Shehu Maghili ya sauka cikinta wajen 1493, a ƙarni na 17 kuma ta yi Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani. Cikin ilimin da ya zaunu a zaurukan birnin har da fassarar mafarki, wadda ake jingina ƙa'idojinta ga Muhammadu Ibn Sirin, malamin Basra da ya rasu a 110 bayan Hijira. Abin da ya kamata a fahimta shi ne, wannan ilimi nazarin mai mafarkin ne kafin ya zama nazarin abin da ya gani. Hadisi ya kasa mafarki uku: bushara daga Allah, tsoratarwar Shaiɗan, da zancen zuci. Shi ya sa malami na gari, in aka zo masa da asuba da mafarkin maciji ko faɗuwar haƙori, yakan fara da tambaya: mece ce sana'arka, da me ka kwana a rai, akwai mara lafiya a gida? An ruwaito cewa mutum biyu sun gaya wa Ibn Sirin sun ga suna kiran salla. Ya yi wa ɗaya albishir da aikin Hajji, ya ce ɗayan za a kama shi da sata, domin halinsu ya bambanta.

Wani zai ce duk camfi ne, ya kafa hujja da ƙananan littattafan da ake shimfiɗawa a bakin masallacin Juma'a, masu cewa maciji maƙiyi ne, haƙori mutuwar ɗan'uwa. Sukar tana da tushe, amma kan littattafan take faɗawa, domin sun ɗauki alama sun jefar da tambayar da malami ke yi. Wani kuma zai ce ilimin halayyar ɗan Adam ya maye gurbin malaman. To, Sigmund Freud, masanin wannan ilimi da ya fitar da littafinsa kan mafarki a 1899, shi ma ya ƙi yarda da ma'ana ɗaya tilo ga kowa, ya nace sai an ji tarihin mai mafarkin. Saɓaninsa da malamai yana kan asalin mafarki, amma hanyar binciken ta yi kusa.

Saboda haka gadon da ya cancanci Katsinawa su riƙe shi ne natsuwar saurare. Mai damuwa da aka ji kukansa, aka umarce shi da addu'a da sadaka, aka hana shi baza mugun mafarki ga kowa, ya sami sauƙin da jerin alamomi ba zai ba shi ba.