Yadda Sukari Ya Shigo Labarin Yunwar Fosfet

Idan muka waiwaya zuwa 1842, shekarar da John Bennet Lawes ya yi rajistar dabarar narkar da ƙasusuwa da ruwan asid a Ingila, za mu tarar da asalin takin da manomanmu ke kira supa. A wancan zamani lissafin ba shi da wuya: ƙasa ta rasa fosfet, shuka ta tsumbure, sai a zuba taki. An shafe fiye da ƙarni ana ɗaukar shuka mai jiran a ba ta ce kawai.

Tunanin ya fara sauyawa sosai a 1996, da ƙungiyar Raghothama a Jami'ar Purdue ta Amurka ta gano ƙwayoyin gadon da ke sa saiwa zuƙar fosfet, a jikin wata ƙaramar ciyawa dangin kabeji mai suna Arabidofsis. A 2001 kuma masana a Madrid suka gano PHR1, wanda ke tayar da tarin ƙwayoyin gado idan yunwa ta zo. Ashe shuka tana jin rashi, tana kuma ɗaukar mataki. Sai dai har lokacin idon kowa na kan saiwa.

Juyin da ya fi burge mu ya zo ne ta inda ba a zata ba. Akwai wani nau'in ciyawar mai tawaya da aka raɗa wa suna pho3, domin ba ya amsa yunwar fosfet yadda ya kamata. A 2004 aka gano cewa matsalarsa tana wajen loda sukari daga ganye zuwa hanyoyin da ke kai shi ga saiwa. Shekara guda bayan haka, a Minnesota, Carroll Vance da abokan aikinsa suka gwada farin lufin, ɗan dangin wake. Suka hana shi haske, suka kuma toshe hanyar sukari a karansa. Saiwar na cikin yunwa, amma ƙwayoyin gadon da ke amsa yunwar suka lafa. Aikin Jami'ar Tsinghua ta Sin a 2011 ya ƙara ƙarfafa hujjar: ciyawar da sukari ya yi wa yawa ta tayar da akasarin ƙwayoyin gadon nan alhali fosfet na wadace.

Dalilin kuwa a fili yake. Fitar da sababbin saiwoyi da tsartar da asid cikin ƙasa aiki ne mai tsada, kuma da sukari ake biyansa, don haka saiwa ba ta zage damtse sai guzuri ya iso daga ganye. Hatta launin shunayya da manomi ke gani a ganyen masara mai yunwar supa yana da alaƙa da taruwar sukarin nan.

Ƙasarmu ta Sahel na cikin masu ƙarancin fosfet ƙwarai. Masu kyautata irin gero da dawa a cibiyoyin bincike na Samaru da Sadore ya kamata su duba ƙarfin ganye wajen tura sukari kamar yadda suke duba tsawon saiwa.