Vanda

Vanda jinsin tsire-tsire ne masu fure daga dangin okid, wanda masana tsirrai ke kira Orchidaceae. Jinsin ya ƙunshi nau'o'i sama da 70. Asalinsa yankunan Asiya ne masu zafi da yawan ruwan sama, tun daga Indiya da gindin tsaunukan Himalaya zuwa kudancin Sin, Tailan, Indonesiya, Filifin, Sabuwar Gini da arewacin Ostareliya. An san shi da manyan furanni masu daɗewa ba su bushe ba, da dogayen saiwoyi da ke reto a iska. Saboda waɗannan saiwoyi da ba ƙasa a kansu, yana cikin okid mafi wuyar raino a cikin ɗaki lokacin sanyi.

Asalin suna

Kalmar ta fito ne daga harshen Sanskrit na Indiya, inda vandā ke nufin tsiron da ke fitowa a jikin wata bishiya. William Jones, alƙali ɗan Birtaniya kuma masanin harsuna da ya yi aiki a Kalkata, shi ne ya fara amfani da sunan a wani rubutunsa da aka wallafa a 1795. A 1820 masanin tsirrai Robert Brown ya tabbatar da shi a matsayin sunan jinsi. A 2012 an shigar da wasu jinsuna, kamar Ascocentrum da Neofinetia, cikin Vanda bayan binciken ƙwayoyin halittarsu.

Siffa

Vanda yana da kara guda ɗaya da ke ci gaba da tsawo daga samansa. Ganyensa masu kauri ne, suna jeruwa dama da hagu. Furanni kan fito daga tsakanin ganye da kara, kuma sukan yi makonni kafin su zube.

A daji yana maƙalewa ne a rassan bishiyoyi. Ya bambanta da kauci, domin kauci yana tsotsar ruwan bishiyar da ya hau, shi kuwa Vanda wurin zama kawai yake nema. Saiwoyinsa suna da wani farin ɓawo mai kama da soso da ake kira belamen, wanda ke shan ruwan sama da raɓa cikin sauri. Idan saiwar ta bushe takan yi fari, idan ta ƙoshi da ruwa sai ta koma kore. Da yawa daga cikin dangin okid suna da kumburarren kara da suke ajiye ruwa a ciki, amma Vanda ba shi da shi, don haka ba ya jure dogon fari.

Sanannun nau'o'i

Vanda coerulea, mai shuɗin fure, William Griffith ya gano shi a tsaunukan Khasi na arewa maso gabashin Indiya a 1837. Da yake tsiron tsauni ne, ya fi sauran jure sanyin dare.

Vanda sanderiana, wanda ake kira waling-waling a tsibirin Mindanao na Filifin, an bayyana shi a 1882. Yana son zafi.

Vanda Rothschildiana, wanda aka samu ta hanyar barbarar waɗannan biyun, an yi masa rajista a 1931.

Vanda Miss Joaquim shi ne furen ƙasa na Singafo tun 1981, ko da yake yanzu masana sun mayar da shi jinsin Papilionanthe.

Raino a cikin gida lokacin sanyi

A yawancin yankunan Turai da Arewacin Amurka ba a barin Vanda a waje lokacin sanyi. Sai dai ɗakin da aka shigar da shi yana da nasa matsalolin guda biyu, ƙarancin haske da bushewar iska, kuma su ne suka fi lahanta tsiron.

Haske: Vanda yana bukatar haske mai ƙarfi kafin ya yi fure. A Landan, yinin watan Disamba bai kai awa 8 ba. Masu raino sukan rataye shi a tagar da ke kallon kudu, su ƙara masa fitilar LED ta awa 12 zuwa 14 a kullum. Ganye mai duhun kore da laushi alama ce ta ƙarancin haske.

Zafi: yawancin nau'o'in sun fi son digiri 24 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas da rana, da dare kuma kada ya sauka ƙasa da kimanin digiri 15. Ba a barin ganye ya taɓa gilashin taga mai sanyi.

Ruwa da danshi: tsiron yana son danshin iska na kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari, alhali na'urar ɗumama ɗaki takan saukar da shi ƙasa da kashi 30. Ana jiƙa saiwoyin da safe da ruwa mai ɗan ɗumi har su koma kore, sannan a bar su su sha iska. Wasu suna sa saiwoyin cikin doguwar kwalbar gilashi, su cika ta da ruwa na kimanin minti 20, sa'an nan su zubar. Ruwan da ya kwana a tsakiyar ganyen sama yana ruɓar da kan tsiron, kuma da yake daga nan kaɗai yake tsawo, wannan kan iya kashe shi.

Taki: ana narka taki kaɗan a ruwa, a rage yawansa lokacin sanyi saboda girman tsiron yana raguwa.

A yanayin hunturun ƙasar Hausa

Vanda ba tsiron Afirka ba ne, kuma a arewacin Najeriya da kudancin Nijar ba zai rayu da ruwan sama kaɗai ba, domin rani ya fi rabin shekara. A garuruwan masarautar Daura, irin su Baure, Zango, Mai'aduwa da Babban Mutum da ke bakin iyakar Nijar, hunturu kan kankama daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Haske ba ya ƙaranci kamar a Turai, domin ko a Disamba yini ya haura awa 11. Matsalar ita ce iskar da ke busowa daga Sahara, wadda kan saukar da danshi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, ga ƙura, ga sanyin asuba da kan sauka ƙasa da digiri 15 a Disamba da Janairu.

A irin wannan yanayi tsiron yana bukatar wurin da iskar arewa maso gabas ba ta dukansa kai tsaye, a shigar da shi ɗaki da dare, a jiƙa saiwoyinsa da safe, a maimaita da azahar idan sun yi fari fat. Rataye shi kusa da randa, ko sama da faranti mai tsakuwa da ruwa, yana ɗan ƙara danshi a kewayensa. Ana goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ba a ajiye shi a ɗakin da ake jin ɗumi da kaskon garwashi ko risho, domin hayaƙi yana ɗauke da iskar etilin, wadda ke koɗar da furannin okid ta zubar da su. Ruwan sama da aka tara a damina ya fi ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri, wanda ke ƙona bakin saiwoyi. Da bazara kuwa inuwa yake bukata, don zafin Afrilu yakan kai digiri 40.

Alamomin matsala

Zubar ganyen ƙasa da tamojewar sauran ganye suna nuna ƙishirwa. Baƙaƙen tabo masu laushi suna biyo bayan sanyi ko ruwan da ya kwana. Koren bakin saiwa alama ce ta cewa tsiron yana girma. Yakan rufe lokacin hutu, ya sake fitowa idan ɗumi ya dawo.

Kariya

Yawan tsinkowa daga daji da sare dazuzzuka sun rage wasu nau'o'in ƙwarai. Duk dangin okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ke cikinta, don haka fitar da su daga wata ƙasa zuwa wata yana bin ƙa'idojinta. Vanda coerulea yana cikin rukuni na ɗaya mafi tsauri har zuwa 2004, lokacin da aka mayar da shi rukuni na biyu. Yawancin Vanda da ake sayarwa a yau a gonaki ake samar da su, musamman a Tailan.