Kafin a Kai Asibiti: Tarihin Koya wa Talaka Ceton Rai

Tun kafin a gina asibiti a ƙasar Zamfara, kowane gari yana da mutanen da ake rugawa wurinsu idan tsautsayi ya afku. Wanda ya faɗo daga bishiya ya karye, gidan maɗori ake nufa da shi, a gyara ƙashin, a jera kara a ɗaure. Mai naƙuda tana da ungozoma, wanzami yana tsaga ƙurji, masunta kuma su ake kira idan ruwa ya ci yaro a gulbi. Ilimi ne na gado, yana cikin gidaje ƙalilan, ba a cika koya wa bare ba. Abin da muke kira taimakon gaggawa a yau ya taso ne daga wani tunani dabam: cewa direba da manomi da matar aure duk ana iya koya musu abin da zai riƙe ran mutum har a kai shi hannun likita.

Musulmi ba baƙi ba ne a wannan fage. Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, kuma da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Khandaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, a tantinta Manzon Allah (SAW) ya sa aka kwantar da shi.

Tsarin ƙungiya irin na zamani kuwa yaƙi ne ya haife shi. A ranar 24 ga Yuni, 1859, aka gwabza a Solferino da ke arewacin Italiya, aka bar dubban sojoji yashe cikin jini. Wani ɗan kasuwa daga Geneva, Henry Dunant, ya tattara matan garin Castiglione suka shiga ba da ruwa da ɗaure raunuka. Daga wannan aiki aka kafa Red Cross a 1863. A Ingila aka kafa ƙungiyar St John a 1877, shekara ɗaya bayan haka wani likitan soja, Peter Shepherd, ya buɗe ajin taimakon gaggawa a Woolwich domin farar hula. Ma'aikatan jirgin ƙasa da masu haƙar kwal suna cikin waɗanda suka fi rungumar karatun, domin su ne haɗari ke samu a inda babu likita kusa.

Farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya ya fi daɗewa kafin a gano kansa. Mutanen Amsterdam sun kafa ƙungiyar ceton waɗanda ruwa ya ci tun 1767, amma yawancin dabarunsu lalube ne, har da busa wa mutum hayaƙin taba. Sai a shekarun 1950 likitoci biyu a Amurka, James Elam da Peter Safar, suka tabbatar cewa iskar da mutum ya fitar daga bakinsa ta isa ta riƙe ran wani, muddin an ɗaga haɓarsa hanyar iska ta buɗe. A 1960 wasu masana uku a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker, suka nuna cewa danna ƙirji da hannu yana tura jini zuwa ƙwaƙwalwa ba tare da an tsaga mutum ba. A shekarar ce kuma wani mai ƙera kayan wasan yara a Norway, Asmund Laerdal, ya fito da mutum-mutumin roba da ake gwaji a kansa. Daga 1972 birnin Seattle ya shiga koya wa jama'ar gari wannan dabara dubbai-dubbai, saboda an gane cewa ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska, kuma babu motar asibitin da ke riga maƙwabci isowa.

A Najeriya, reshen Red Cross na Birtaniya ya buɗe a Legas a 1951, aka yi dokar kafa ta ƙasa a 1960. Amma a Arewa, hanyar da abin ya fi shiga jama'a ita ce ta ƙungiyoyin addini. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962, da Fityanul Islam, da Izala da ta fito a Jos a 1978, kowacce ta kafa rundunar 'yan agaji. Yau da wuya ka je filin idi ko wurin tafsiri a Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi ba ka gan su cikin kaki suna gyara sahu da tsare ƙofa ba. Ina ganin wannan babbar dukiya ce da ba mu gama amfana da ita ba. Ga matasa masu horo da biyayya, jama'a sun yarda da su, suna kusan kowace unguwa. Abin da ya kamata a tambayi kowane kwamanda shi ne: mutum nawa a cikin yaransa suka taɓa ɗora hannu a ƙirjin mutum-mutumin gwaji, ko suka iya tsayar da jinin cinya?

Sai dai a faɗi gaskiya, darasin Seattle bai dace da mu kai tsaye ba. Danna ƙirji, sau 100 zuwa 120 a minti, yana saya wa wanda zuciyarsa ta tsaya lokaci ne kafin a zo da na'urar da ke girgiza zuciya, kuma mu nan ba ta zuwa. Misalin da ya fi kama da halinmu yana arewacin Iraƙi da Kambodiya, inda nakiyoyin da aka binne suke tashi da manoma nesa da asibiti. Tsakanin 1997 da 2001 wasu likitocin Norway, cikinsu har da Hans Husum, suka horar da ma'aikatan lafiya 135 da mutanen ƙauye 5,200. Ba su kawo motoci ko manyan na'urori ba. Sun koyar da buɗe hanyar iska, cusa ƙyalle mai tsabta cikin rauni a danne da ƙarfi, da lulluɓe mai rauni kada jikinsa ya yi sanyi. Yawan masu mutuwa cikin waɗanda suka jikkata ya sauko daga kashi 40 cikin 100 zuwa kusan kashi 15.

Wanda ya zauna a arewacin Zamfara cikin Satumbar 2021 ya san abin da wannan ke nufi. An katse layukan waya, an rufe kasuwannin mako, tafiya a hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ko ta Zurmi zuwa Jibiya ta zama sai da addu'a. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa wa asibitocin Shinkafi da Zurmi, manyan raunuka kuma akan wuce da su Gusau, amma tsakanin gona da ƙofar asibiti ɗan kabu-kabu ne ko ɗan'uwa ke riƙe da wanda aka harba. Idan ya san ya naɗe rawani ko ɗankwali ya danne raunin da dukan nauyinsa, bai ɗaga ba don leƙawa, sau da yawa za a isa da sauran numfashi. Idan kuwa abin da ya gada shi ne zuba ƙasa ko toka, to ƙwayar cuta ya ƙara wa raunin, jinin kuma bai tsaya ba. Haka yaron da ke jijjiga: a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa wani abu. Wanda aka tsamo daga gulbin Gagare ba ya numfashi, hura masa iska da danna ƙirji yake buƙata nan take, ba kifa shi don fitar da ruwa ba. Jaririn da aka haifa bai yi kuka ba shi ma minti na farko ne nasa, kuma shirin koyar da taimaka wa jarirai numfashi da aka ƙaddamar a 2010 ya rage mutuwarsu a ranar haihuwa da kashi 47 cikin 100 a asibitocin Tanzaniya da aka gwada shi.

Zamfara ta taɓa ɗanɗana irin wannan aiki. A ƙarƙashin shirin kula da lafiyar uwa da yara na PRRINN-MNCH an horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa ɗaukar mata masu naƙuda zuwa asibiti cikin gaggawa, aka ga cewa tasha ma makaranta ce idan an je mata da girmamawa.

Abin da ke hana mutane da yawa taɓa mai rauni shi ne tsoron a ce su suka yi. Wannan tsoro yana da tushe, kuma saboda shi aka yi dokar kula da waɗanda harsashi ya samu a 2017. Ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ko babu takardar 'yan sanda, ba kuma sai an biya kuɗi tukuna ba. Ta kuma ce wanda ya kawo shi a mutunta shi, kada a takura masa da tambayoyin da ba su da dalili.