Dirowa da lema daga jirgin sama: abin da ya kamata matafiyi ya sani kafin ya sa hannu

A Damagaram, in aka ambaci lema da jirgin sama, soja ne ke fara zuwa a rai. Amma ƴan kasuwa da ɗalibai da ma'aikatan da tafiya ke kaiwa Dubai, Maroko ko Faransa sukan ci karo da tallar wani wasa da ake buɗe wa kowa, ko da bai taɓa koyo ba. Ana ɗaure mutum a jikin ƙwararren malami, su faɗo tare daga jirgi, lema ɗaya ta sauke su. Faransawa na kiran sa "saut en tandem". Da Hausa ana iya cewa dirowar goyo, sai dai goyon a juye yake: baƙon ne a gaba, malamin na bayansa da jakar lema.

Asalin wasan

Ranar 22 ga watan Oktoba na 1797 wani Bafaranshe, André-Jacques Garnerin, ya sauko da lema daga balan-balan a birnin Paris. A 1919, a jihar Ohio ta Amurka, Leslie Irvin ya yi tsalle daga jirgi, ya faɗo na ɗan lokaci sannan ya buɗe lemarsa da hannunsa. Lemomin farko masu siffar ƙwarya ne, iska ke kai su inda ta ga dama. A shekarun 1960 Domina Jalbert ya ƙirƙiro lema mai kusurwa huɗu wadda iska ke cikawa ta zama kamar fiffike, ana juya ta dama da hagu, ana kuma rage mata gudu. Dirowar mutum biyu kuwa ta samu ne a farkon shekarun 1980 a jihar Florida, ta hannun Ted Strong da Bill Booth, masu ƙera kayan lema. Daga lokacin, wanda bai yi makonni yana horo ba ma zai iya dirowa bayan bayanin ƴan mintoci.

Yadda abin yake gudana

Bayan an yi wa baƙo bayani, ana sanya masa ɗamara mai kama kafaɗu da cinyoyi, da tabarau na kare ido daga iska. Ƙaramin jirgi ne ke ɗaukar su, ya yi minti 15 zuwa 20 yana hawa har wajen mita 4,000. Wannan ya kusan ninka tsawon Idoukal-n-Taghès na duwatsun Bagzan, wuri mafi tsawo a Nijar, mai mita 2,022. Zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000, don haka ranar da ƙasa ke da digiri 40, can sama bai wuce 14 ba.

Kafin a buɗe ƙofa, malami na haɗa ɗamarar baƙo da tasa a wuri huɗu: biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu. Da sun fita, baƙo zai ɗaga kai, ya tura ciki gaba, ya lanƙwasa ƙafafu baya. Malami zai saki wata ƴar ƙaramar lema da ke hana nauyin mutum biyu ya sa gudun ya wuce kima, tana kuma daidaita su. Duk da haka suna faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a awa. Motar da ke irin wannan gudu za ta bar Zinder ta shiga Kano cikin awa ɗaya da ƴan mintoci. Faɗowar ba ta wuce sakan 45 zuwa 60. A wajen mita 1,500 ake buɗe babbar lema, ƙugin iska ya ɗauke, su yi minti biyar zuwa bakwai suna saukowa a hankali.

Wurin sauka ne baƙo ke da aiki mafi muhimmanci: ya ɗaga ƙafafunsa gaba, ya bar malami ya fara taɓa ƙasa. Yawancin raunukan da ake ji, kamar targaɗe ko karayar idon sawu, a nan suke faruwa.

Abin da ke tsare rai

Jakar da malami ke goye da ita na ɗauke da lema biyu, babba da ta ko-ta-kwana. Idan babbar ta harɗe, malami na jan hannu ɗaya ya yar da ita, ya ja wani ya buɗe ta biyun. Ba kowa ke naɗe ta biyun ba sai mai takardar shaida, kuma a Amurka doka ta ce a sake buɗe ta a naɗe duk kwana 180. Akwai kuma wata ƙaramar na'ura mai auna tsawo da gudu, wadda ke buɗe lema ta biyu da kanta idan an kusa ƙasa ana faɗowa da gudu, ko da malamin ya suma. Wadda aka fi sani ita ce CYPRES, ƙirar Jamus, da ta shigo kasuwa a 1991.

Ƙungiyar masu dirowa da lema ta Amurka, USPA, ta ƙirga mutuwar mutum 10 cikin dirowa wajen miliyan 3.65 a shekarar 2023. A ɓangaren dirowar goyo, lissafinta na shekaru goma ya nuna kusan baƙo ɗaya cikin 500,000. Haɗarin kaɗan ne, amma yana nan, kuma waɗannan alƙaluma na ƙasar da ke sa ido ne, inda malami ba ya ɗaukar baƙo sai ya yi dirowa 500 da shekara uku a wasan.

Wanda bai kamata ya hau ba

Ƙananan jiragen da ake amfani da su ba a daidaita iskar cikinsu kamar na fasinja, kuma a mita 4,000 iskar shaƙa ta ragu sosai. Wannan ya shafi mai cutar sikila kai tsaye, domin ƙarancin iskar na iya tayar masa da ciwo, kuma cutar ba baƙuwa ba ce a gidajen Nijar. Haka mai ciwon zuciya, hawan jinin da ba a shawo kansa ba, farfaɗiya, ciwon baya, ko kafaɗar da ta saba gocewa, da mace mai juna biyu. Mura mai toshe hanci ma na iya jawo ciwon kunne mai tsanani lokacin saukowa. Duk mai ɗaya daga cikin waɗannan ya ga likita tun kafin ya bar gida, kada kuma ya ɓoye a takardar tambayoyi don gudun asarar kuɗi. Cibiyoyi da yawa na tsayar da nauyi a wajen kilo 90 zuwa 100, kuma a Amurka sai mai shekara 18.

Wurare, kuɗi da takardu

Cikin wuraren da suka yi suna akwai Palm Jumeirah a Dubai, Beni Mellal a Maroko, Swakopmund a Namibiya, Gap-Tallard a Faransa da Empuriabrava a Spain. A Faransa dirowa ɗaya kan kama Euro 250 zuwa 300, wato jika 160 zuwa 200 na CFA, hoton bidiyo kuma kuɗinsa daban.

Kafin biya, matafiyi na da ikon tambaya ko cibiyar na ƙarƙashin hukumar jiragen sama ko ƙungiyar wasan ta ƙasar, ya nemi ganin shaidar malamin, ya kuma tabbatar akwai na'urar buɗe lema a jakar. Takardar da ake ba shi ya sa hannu yawanci tana sauke wa cibiyar wani ɓangare na alhaki, saboda haka ya karanta ta, ko ya sa a fassara masa. Inshorar tafiya ta yau da kullum, irin wadda ake yanka don neman biza, sau da yawa ba ta ɗaukar wasanni masu haɗari, kuma jinyar karaya a ƙasar waje na iya cinye jarin tafiyar baki ɗaya.

Yanayi ne ke yanke hukuncin ƙarshe. Wanda ya san yadda hazon hunturu ke rufe sama a Zinder zai gane dalilin da ya sa iska mai ƙarfi ko gajimare ke sa a ɗage dirowa. Gara a sa ranar a farkon tafiya, don a samu damar sake wata, a kuma tambayi yadda ake mayar da kuɗi idan an fasa. Cibiyar da ta dage sai an tashi alhali iska na kaɗawa, ita ce ta gudu.