Kafin ka sayar da bijimin Baba saboda laftof

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Makon jiya bayan sallar Magariba wani ƙanenmu ɗan aji biyu ya tare ni a bakin masallaci. Ya ce yana son ya fara editin bidiyo, an kuma faɗa masa sai ya mallaki laftof ta sama da miliyan, har ya fara lallaɓa mahaifinsa a sayar da ɗaya daga cikin shanun noma. Na ce ya dakata tukuna. Tarihin wannan sana'a yana cikin abin da nake karantawa a digirina na biyu a nan Ibadan, kuma ina ganin amsarsa tana ciki. Na san ba shi kaɗai ne ke da wannan tambayar ba, shi ya sa na kawo nan.

A 1956 kamfanin Ampex na Amurka ya fito da na'urar naɗar bidiyo a faifan maganaɗisu mai faɗin inci biyu. Shekara uku bayan nan, a 1959, aka buɗe WNTV a garin nan, tashar talabijin ta farko a Najeriya, wadda yanzu ta zama NTA Ibadan. A wancan zamani tace hoto aikin reza ne na gaske. Ba a ganin hoto a jikin faifan, don haka sai a shafa masa wani ruwa mai garin ƙarfe domin layukan su fito, a duba da madubin ƙara girma, a yanke, a liƙa. In hannu ya goce, shi ke nan.

Daga baya aka daina yanka, aka koma kwafe daga wannan kaset zuwa wancan. Haka aka yi ta yi har zamanin VHS, lokacin da Tumbin Giwa suka fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, 'yan Kudu kuma suka yi Living in Bondage a 1992. Matsalar wannan hanya biyu ce. Dole ka jera fim daga farko zuwa ƙarshe, in ka canza ra'ayi a minti na biyar sai ka sake duk abin da ya biyo baya. Sannan kowane kwafi yana rage kyan hoto. Wanda ya tuna yadda fuskoki ke dishi-dishi a tsofaffin kaset ya san abin da nake nufi.

Yanzu ga wurin da nake so a lura. A 1971 CBS da Memorex suka haɗa wata na'ura mai suna CMX 600, ta farko da ta ba edita damar tsallakawa duk inda yake so a cikin fim. Kuɗinta wajen dala 250,000, ma'ajiyarta kuma girman injin wanki. Duk da haka ba ta iya ɗaukar hoton asali. Abin da take riƙewa kwafi ne mara kyau, baƙi da fari. Edita ya yi aikinsa a kan wannan kwafin, na'urar ta rubuta jerin wuraren da ya yanka, sannan a ɗauki jerin a je a haɗa fim ɗin daga kaset na asali. Avid da ta fito a 1989 a kan Macintosh ma haka ta fara, hotonta duk ɗigo-ɗigo. A kan Avid ɗin Walter Murch ya tace The English Patient, ya ci Oscar a 1997, karo na farko da fim ɗin da aka tace da kwamfuta ya ci wannan kyauta. Wato manyan editocin duniya sun shafe shekaru suna aiki da ƙaramin kwafi, ba su ce sai injinsu ya kunna hoton asali ba.

Wannan dabara tana nan har yau, ita ake kira firoksi, kuma tana cikin Premiere da Resolve da Final Cut. Ni ban san da ita ba sai da na sha wuya. A zangon farko an ba mu aikin gajeren fim, na je Sabo na ɗauki hira da dattawa da waya a 4K, na zuba a tsohuwar laftof ɗina mai RAM 4GB da hadis mai juyawa. Hoto na tafiya kamar mai ɗingishi, fanka na kuka, cinya ta yi zafi. Daren da zan miƙa aiki ina tsakiyar renda aka ɗauke wuta, batir kuma dama ya mutu. Na yi asarar maki. Washegari wata 'yar ajinmu ta nuna min maɓallin firoksi, a kan wannan laftof ɗin dai aiki ya tafi sumul. Wallahi kunya ce ta kama ni.

Farashi ya karye ne a tsakiyar shekarun 1990. Kaset ɗin DV ya zo a 1995 da wayar FireWire, awa ɗaya na cin kusan 13GB, abin da kwamfutar gida za ta iya ɗauka. Adobe Premiere tun 1991 yana nan, Apple ya kawo Final Cut Pro a 1999 a kan dala 999. Da Murch ya tace Cold Mountain da shi a 2003, masu cewa manhajar yara ce suka yi shiru.

Sai dai manhaja ba ta da alƙawari. A 2011 Apple ya sake Final Cut gaba ɗaya, sabon bai iya buɗe ayyukan tsohon ba, editoci da yawa suka gudu Premiere. A 2013 Adobe ya daina sayarwa, ya koma haya wata-wata. Ga mai samun kuɗinsa a naira wannan ba ƙaramar magana ba ce, kun dai ga yadda canji ya koma tun 2023. A gefe guda Blackmagic ya sayi DaVinci a 2009, kayan da a da sai manyan ɗakunan gyaran kala ke da shi, ya kuma fitar da na kyauta a 2011. Ni a ra'ayina ɗalibi ya fara da Resolve na kyauta in injinsa na da katin hoto mai ɗan ƙarfi, domin yana jingina da shi sosai. In babu, CapCut ya ishe ka koyon yanka. Waɗannan fasassun manhajoji da ake tura wa juna a filashi kuwa, ban ba kowa shawara ba. Ban da batun haƙƙi, ranar da kake da aikin biki a hannu ranar za su tsaya.

Abin da na faɗa wa ƙanen namu shi ne ya nemi tokumbo mai RAM 16GB da SSD, ya gwada batir a gabansa kafin ya biya, kada ya yarda da "ai sabo ne". Ya ware kuɗin hadis na waje don ajiye kwafi na biyu, da ɗan abin kunne mai kyau, don mutane suna jure hoto mara kyau amma ba sa jure sauti mara kyau. Injin miliyan kuma ya bari sai aikin da kansa ya saya masa. Ya kira gida a gabana, bijimi dai yana nan zai yi huɗar bana.

Ranar Asabar bayan La'asar ina harabar masallaci. Duk mai laftof da ke ɗingishi ya zo da ita da caja, mu kunna firoksi mu gani kafin a yanke mata hukunci. 'Yan uwa mata ma akwai wadda ta koya min, ta ce za ta zauna da ku a ɓangarenku.